Amsa: waye ya zana Suske en Wiske?

Dan uwa ka tambaya ko wanda yayi labarin zane na Tintin ne ya zana Suske en Wiske (shima labarin zane ne, wato comic, akan yara biyu Suske da Wiske), a'a ba shi bane. Willy Vandersteen ne, mutumin Antwerp a yankin Flanders na Beljiyam, inda suke yaren Dutch. An haifeshi 1913 ya rasu 1990. Labarin ya fara fitowa a jarida 1945, lokacin ma sunanshi Rikki en Wiske ne, daga baya Suske ya shigo.

Amma ba mamaki ka hada su, don Vandersteen ya yi aiki a mujallar Tintin tun 1948 kuma can zanenshi ya kara tsabta sosai. Ni abinda ke burgeni shine mutanen da ya kirkira, Lambik mai kurin banza da sanko, Jerom karfi kamar me, ga Wiske kullum rike da yar tsanarta Schanulleke, wallahi kamar ka sansu a unguwa. Ya bude situdiyo ya horar da yara, su Paul Geerts suka karbi aikin, har yau ana buga sabbi.