Amsar tambayoyinku: Fitar wuni ɗaya daga Fas zuwa Walili da Maulaya Idris

Satin nan masu shirin ziyarar Shehu Ahmad Tijjani a Fas ta ƙasar Maroko ne suka cika ni da saƙo, kusan duk akan fitar nan da otal-otal ke tallatawa, a ɗauke ka da safe a kai ka Walili da garin Maulaya Idris da Maknas a dawo da kai da yamma.

Wani bawan Allah daga Gusau yace, Malam ta cancanci kuɗin?

Ta cancanta ɗan'uwa. Walili tsohon birnin Rumawa ne, ƙofar dutsen da suka gina wa sarkinsu Karakala a shekarar 217 Miladiyya tana nan tsaye, ga duwatsun matse man zaitun, ga tsuntsaye irin shamuwa sun yi sheƙa kan ginshiƙai. A nan Maulaya Idris, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan, ya sauka a 788 bayan ya tsira daga yaƙin Fakh kusa da Makka, kabarinsa na kan tudu bai fi kilomita 5 daga kangon ba. Amma kafin ka miƙa ko dirhami ɗaya tambaya, kuɗin shiga Walili yana ciki? Mai bayani yana ciki ko direba ne kawai? Da yawansu direba ne kawai, zai ajiye ka bakin ƙofa ya koma mota.

Kuma ga abin da ke ci min rai, an tsara fitar nan ne don Turawa. Su ba a barinsu shiga makwancin Maulaya Idris, akwai katako a gicce a hanyar, nan wanda ba Musulmi ba yake tsayawa, don haka jagora zai hau da ku tudu ku ɗauki hoto ya ce a koma mota, lokacin da ya rage kuma shagon darduma zai cinye shi. Ni ya faru dani. Aka shigar damu wani shago a Maknas wai mu sha shayi kawai, yaro ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayin na'ana'a, wani na warware darduma ɗaya bayan ɗaya a gabanmu har ta kai goma sha, kunya ta hana kowa tashi, awa guda da rabi ta tafi, na fito da kwalbar man argan da na zo gida na tarar man girki ne aka sirka, ziyarar da ta fito dani kuwa ko minti 20 bata samu ba. Jagoran yana da kasonsa a duk abin da kuka saya, shi yasa yake ta cewa wannan shagon ɗan'uwana ne. Kun san yadda kuka sha wuya wajen canjin naira kafin dirhamin nan ta shigo aljihunku, dan Allah kar ku zubar da ita don kunyar kofin shayi. Jagoran gaskiya yana da katin hukumar yawon buɗe ido, ka ce ya nuna maka. Wanda ya tare ka a titi yana "ya hajj, ya hajj" ka wuce abinka. Ku faɗa tun a otal cewa ku Musulmi ne, zaku shiga makwancin kuyi sallah a can, ba shago, kuma ku riƙe rabin kuɗin sai an dawo.

Wata Hajiya daga Zinder tace mahaifiyarta na da ciwon gwiwa, tana tsoron kar ta wahalar da ita, kuma zuciyarta bata kwanta da shiga kangon masu bautar gumaka ba.

Allah Ya yi miki albarka Hajiya, kwantar da hankalinki. Hukunci kam ki tambayi malaminki, ni dai abin da na sani a Suratur Rum kanta an yi maganar tafiya a ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Sai dai wasu zanen daɓen akwai siffofin mutane ba sutura, sai ku kauce. Gwiwar Mama ce abin dubawa, Walili ba inuwa, ƙasar duk duwatsu, garin Maulaya Idris kuma hawa ne da matattakala. Ku ɗauki tasi taku ku kaɗai, ku fita bayan asuba, Mama ta zauna wajen ƙofa da ruwanta ku zaga, ƙarfinta ta ajiye shi don ziyara. Maknas ku barta, jirgin ƙasa daga Fas bai kai awa ɗaya ba, wata rana kuje ku ga Bab Mansur, babbar ƙofar garin, a natse.

Wani kuma wai zai sayo tsabar kuɗin Rumawa a bakin kango ya sayar a Kurmi. Haba Alhaji. In na jabu ne ka yi asara, in na gaske ne fitar dashi daga Maroko laifi ne, a filin jirgi za'a tare ka. Ka sayo zaitun da babbuje, takalmansu na fata.