Kafin ka taɓa resolv.conf, nemo wanda ke rubuta shi

Ɗana, ka ce ka sabunta manhajojin sabar nan taka ta Linux da daddare, gari ya waye ba ta gane sunan kowane shafi, har apt, mai sauko da manhajoji, ma ya kasa kaiwa ma'ajiyarsa. Ka rubuta nameserver 8.8.8.8 a cikin /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ke gaya wa na'ura inda za ta tambayi lambar kowane suna, abu ya tashi, da ka sake kunna na'urar kuma layin ya ɓace. Yanzu kana tambaya ko ka kulle fayil ɗin da chattr +i, umarnin da ke hana kowa canza shi, ka huta.

Kada ka kulle shi. Na taɓa shafe rabin yini a kan wata sabar da aka yi wa haka. An canza adireshin DNS na wurin, wato na'urar da ke fassara suna zuwa lamba, sabar ta maƙale a kan tsohon, ni kuma ina root, mai cikakken iko a na'urar, amma fayil ya ƙi rubutuwa, ga wanda ya kulle shi ya daɗe da barin aikin.

Fara da ping 1.1.1.1, ka gwada ko na'urar tana kaiwa waje. In ya amsa amma ping da suna ya ƙi, to layinka lafiya lau, fassara suna zuwa lamba ce ta tsaya.

Daga nan buga ls -l /etc/resolv.conf, ka zuba wa ƙarshen layin ido. A yawancin na'urorin yanzu wannan fayil ba naka ba ne, wata manhaja ce ke rubuta shi. In ka ga kibiya tana nuna /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf, kuma a ciki akwai 127.0.0.53, to systemd-resolved ne mai shi. Abin da ke ƙarƙashin /run a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, ana kashe na'ura ya tafi, shi ya sa rubutunka bai kwana ba. In babu kibiya, karanta layin farko, NetworkManager yakan sa sunansa a can. Shi ma dhclient yakan goge abin da ka rubuta duk lokacin da ya sabunta hayar adireshi.

Abin da na fi zato ya same ka shi ne wannan. A Debian 12, wadda ta fito a 2023, an ware systemd-resolved ya zama kunshi mai zaman kansa, kuma ba ya shiga da kansa in ka hau daga 11. Kibiyar tana nan, abin da take nunawa babu. Za ka ga sunan ya yi ja a allo. Wahalar kuma ita ce apt ba zai iya sauko da kunshin ba tunda babu DNS. Don haka cire mahaɗin, wato kibiyar nan, da rm, rubuta sabon fayil mai layin nameserver ɗaya na ɗan lokaci, girka systemd-resolved, sannan ka sake duba ko kibiyar ta koma inda ya kamata.

In ba haka ba ne, buɗe /var/log/apt/history.log ka nemi layin Remove na daren. Ka kuma tuna, an tambaye ka ko a maye gurbin wani fayil ɗin saiti ka danna Y cikin sauri? Tsohon naka yana nan kusa da sabon, da .dpkg-old a wutsiyarsa. A dangin Red Hat .rpmsave za ka nema.

Saitin dindindin kuwa a wurin mai fayil ɗin ake sa shi: nmcli in NetworkManager ne, /etc/netplan in Ubuntu ce, ko ƙaramin fayil a /etc/systemd/resolved.conf.d, wanda sabuntawa ba ta taɓawa. In netplan ne, tunda daga nesa kake shiga ta SSH, yi amfani da netplan try. In ka yi kuskure ka yanke kanka, bayan daƙiƙa 120 zai mayar da tsohon saitin.

In ka gama, sake kunna sabar tun kana zaune, ka buga resolvectl status, ka turo mini abin da ya fito in gani.