Daga ƙaramar mota mai gudu zuwa babbar mota ta alfarma: amsa ga ɗan'uwa a Damagaram

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramar motarka mai ƙofa biyu ta fara gajiyar da bayanka, kana son babbar mota mai taushi don zuwa aiki kullum. Ina goyon bayanka, amma ka dubi hanyarka kafin ka dubi mota.

In aikinka wajen gari ne, kamar matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut, babbar mota za ta hutar da kai sosai: kujera mai faɗi, ƙarar inji ba ta shigowa, sanyi kuma na ratsa ko'ina a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. In kuwa tsakanin unguwannin Birni da Zango ne, lungu da rairayi da 'yan kabu-kabu za su sa ka yi kewar ƙaramar. Doguwar mota cikinta na gogar tudu, juyawa ma sai da dabara.

Ni dai Lexus ES 350 ko Toyota Avalon zan nuna maka. Injinsu V6 ne, wato mai silinda shida, mai lita 3.5, dangin na Camry, bakanikenmu sun san shi, kayan gyara kuma ana samo su daga Kano. Ta Jamus mai ƙafafun iska, wato wadda jakunkunan iska ke ɗauke da nauyinta, ka yi hattara da ita. Ranar da jakar iskar ta huje, motar za ta durƙusa a ƙofar gida har kaya su iso.

Mai kuwa babbar mota za ta sha fiye da taka, ka sa shi a lissafin wata. Kafin ka biya, ka je da bakanikenka ya leƙa ƙarƙashinta, ku kunna na'urar sanyi da tsakar rana ku gani.