Tsargiya da askar wanzami: amsa ga Aminu

Aminu ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce Hajiya ta hana a kai Sadiƙu asibiti a kan fitsarin jinin da yake yi, wai alamar girma ce, kuma tana so ranar sunan jaririn da kuke jira wanzamin gida ya yi aski ya cire beli kamar yadda aka yi muku. Kana tambaya ko saɓa mata raina al'ada ne.

Haka muka taso muna ji, yaron da bai yi tsargiya ba wai bai cika namiji ba. Abin da ya sa aka ɗauka haka, da yawan yaran da ke wanka a kogin Kaduna ko kududdufin fadama sukan yi ta. Amma cuta ce. Tsutsa ce da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fata ta shiga jini. Wani nau'in yana zama a mafitsara, shi ne na fitsarin jini. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na hanji, don ƙwayayensa suna maƙalewa a jijiyoyin hanta, a hankali wurin ya ƙandare, saifa ta kumbura, wata rana mutum ya kama aman jini. Kuma ruwan da ya ba yaro nau'i ɗaya yana iya ba shi ɗayan.

To ga inda askar ta shigo. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, daga uwa zuwa jariri, ko ta aska ɗaya da ta zaga kawuna goma. Babba in ya kamu galibi jikinsa yana ture shi, amma jarirai kusan 9 cikin 10 da shi za su zauna har girma, ba alamar komai. Hantar da wannan ciwo ke ci, in tsargiya ta same ta, lalacewarta ta fi sauri da muni. Na ga magidanta da ƙarfinsu, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ana ta dafa saiwar shawara ana cewa sammu ne, sai da lokaci ya ƙure aka nufi asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Abin yana ci mini rai har yau.

Askin suna sunna ce, kada ka fasa shi. Wanzamin ma ya gaji hulɗa da gidanmu tun kakanni, a kira shi, a ba shi tukwicinsa cikakke, amma ka saya masa sabuwar reza a buɗe a gabanka. Cire beli kuwa ban goyi baya ba, ba abin da yake magancewa, sai ma jawo zubar da jini.

Maiɗakinka ta yi gwajin hanta tun yanzu a wurin awo. Jaririn kuma a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, kada a ce sai an yi suna. Tun 2004 take cikin rigakafin yara a Najeriya, sauran kuma a mako na 6, 10 da 14. Sadiƙu ka kai shi asibitin Barau Dikko ko asibitin kusa da ku a duba fitsari da bayan gida da jini. Maganin tsargiya praziquantel ne, gwargwadon nauyinsa za a ba shi, sai dai in ya koma rafi zai sake ɗauka.

Hajiya kuma kada ka yi musu da ita gaban mutane. Ka bar mini ita, ranar Juma'a in sha Allahu zan shigo bayan masallaci mu zauna.