Tambayoyinku kan Fasaha: Wayar Mai Lalurar Gani da ta Mai Lalurar Ji

Tambaya daga wata malama a Tawa: Assalamu alaikum. Ciwon suga ya taɓa idon mahaifina har ya daina gani, kuma tun daga lokacin sai an kira masa lamba, an karanta masa saƙo. Shin zai iya sarrafa wayar Android da kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Zai iya, kuma ba sai an sayi wata waya ta musamman ba, domin galibin wayoyin Android suna zuwa da manhajar TalkBack wadda take karanta duk abin da yatsa ya taɓa a fuskar waya. Tunda yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, ki shiga Paramètres, ki nemi Accessibilité, a nan za ki kunna ta. Da zarar ta fara aiki hannu yakan sauya: taɓawa ɗaya tana faɗin sunan abu, taɓawa biyu a jere tana buɗe shi, sannan da yatsu biyu ake jan shafi. Wannan sauyi ne yake sa mutane da yawa su zaci waya ta lalace, su kashe manhajar tun ranar farko. Ki zauna da Baba ku fara da amsa kira kaɗai, sai ya saba kafin ku wuce gaba, ki kuma rage saurin muryar. Mai iPhone yana da irin wannan manhaja mai suna VoiceOver tun 2009, mai kwamfuta kuma yana da irinta mai suna NVDA, wadda ake samu kyauta, wadda kuma wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina.

Akwai cikas biyu da ya kamata ki sani. Muryar Faransanci tana furta rubutun Hausa bisa ƙa'idojin Faransanci, don haka saƙon murya zai fi yi wa Baba sauƙi. Na biyun shi ya fi damuna, domin mu masu gani muke jawo shi: sanarwar ɗaurin aure, ta rasuwa, har ta ɗaukar aiki, duk a hoto ake tura su, alhali rubutun da ke cikin hoto ba koyaushe manhajar ke iya karanta shi ba. Ki roƙi dangi su riƙa haɗa hoton da rubutu ko murya. Takardar da ke hannu kuwa, manhajar Lookout tana karanta ta da kyamara.

Tambaya daga wani matashi a Yamai: Ƙanwata kurma ce, amma zauren danginmu na WhatsApp duk saƙon murya ne. Me za mu yi mata?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ga abin da ya sauƙaƙa wa Baba na Tawa shi ne ya rufe wa ƙanwarka ƙofa. Manhajar Live Transcribe, wadda Google ya fitar a 2019, tana mayar da magana rubutu nan take, tana kuma aiki sosai da Faransanci idan babu hayaniya. Sai dai a zauren dangi ba na ganin hujjar ɗora mata wannan nauyi. Duk wanda ya tura murya ya bi ta da layi biyu na rubutu, kai kuma ka riƙa kiranta ta bidiyo a wuri mai haske don ta ga hannuwanka da fuskarka. A cikin Accessibilité ɗin nan dai, ka duba ko wayarta tana da zaɓin walƙiyar fitila, ka kunna mata shi tare da girgiza, yadda za ta san kira ya shigo.