Amsa ga ɗan'uwan da inshora ta ƙi biya bayan sanyi ya fasa masa fayif

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da farko jaje, Allah ya mayar da mafi alheri. Tun jiya da daddare na ga tambayarka ina wajen aiki, shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su gani ba, ɗan'uwanmu ne a nan yankin Houston a jihar Teksas ta Amurka ya je gida da iyalinsa ganin dangi na sati biyar, sanyi ya sauko a bayansa, fayif ya fashe a saman silin, ya dawo ya tarar da silin ɗin falo a ƙasa kaya duk sun jiƙe. Kamfanin inshora suka rubuto masa wai ba za su biya yawancin ɓarnar ba don ya bar gida ba hita, suka ce kuma ruɓewar da ke kicin tsohon yoyo ne, suka haɗo masa da ɗan cek ƙarami. Yana tambaya ya karɓa ya haƙura ne ko ya nemi lauya.

Toh ni dai abin da zan fara ce maka kada ka haƙura tukuna, kuma kada ka yi saurin zuwa wajen lauya. Akwai aikin da kai za ka fara yi da hannunka, kuma na yi shi shi ya sa nake faɗa.

Nawa ya faru ne a babban sanyin Fabrairun 2021, wanda suke kira Uri. Duk wanda yake Teksas a lokacin ya san abin da aka sha, gidaje sama da miliyan 4 ba wuta, daga baya hukumar lafiya ta jiha ta ce mutum 246 ne suka rasu. A Houston sanyi ya kai digiri 13 a ma'aunin Farenhait, wajen 11 ƙasa da sifili kenan a namu ma'aunin, a garin da yawancin gidaje fayif ɗinsu a cikin rufi yake ba wani lulluɓi na kirki. Mun saba da ɗauke wuta a gida, amma wannan daban ne wallahi, don ko hitar gas gare ka fankar da ke hura iskar da lantarki take aiki. Kwana biyu muna ƙudundune cikin barguna, da na ga ƙaramar yarinyata tana karkarwa sai na kwashe su muka koma gidan wani abokina da wutarsu ta dawo. Ban rufe babban famfon shigowar ruwa ba. Da ƙanƙarar ta narke muka dawo tun daga bakin ƙofa nake jin ƙarar ruwa kamar ana ruwan sama a cikin ɗaki.

Mai kiyasin ɓarna da kamfani suka turo, wanda ake kira ajasta, daga wata jiha aka ɗauko shi saboda aiki ya yi musu yawa, bai yi rabin awa a gidan ba, ko tsani bai hau ya leƙa rufin ba. Kiyasin da ya rubuto bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da 'yan kwangila biyu suka lissafa min ba. Ranar da na ga takardar raina ya ɓaci sosai, na kira su na yi ta faɗa a waya, kuma faɗan nan bai ƙara min ko dala ɗaya ba.

Abin da na gane daga baya, kuma shi nake so ka riƙe, rigimar inshora iri biyu ce kuma kowace da maganinta. Akwai wadda suka yarda za su biya amma kun saɓa a kan nawa ne. Akwai kuma wadda suke cewa wannan ɓarnar sam ba ta cikin abin da suka ɗauki nauyi. Tawa ta farko ce. Taka yadda ka bayyana ta haɗa duka biyun, kuma babbar ita ce ta biyun, wato maganar hita. Idan ka cakuɗa su za ka ɓata kuɗi da watanni kana buga ƙofar da ba ita ba.

Mu ɗauki maganar hitar. Ka rubuta musu imel yau ka nemi cikakken kwafin folisinka, wato takardar yarjejeniyar inshorarka, mai hatimi, duka shafuka da ƙarin takardun da aka liƙa masa, ba ɗan shafin farko da ke nuna kuɗi ba. Ka nemi kwafin kiyasin ajastansu da hotunan da ya ɗauka. Dokar Teksas ta wajabta musu idan sun ƙi biya su faɗi dalili a rubuce, to ka ɗauki sashen da suka kafa hujja da shi ka karanta kalma bayan kalma. Yawancin folisi abin da suke cewa shi ne ba za su biya ɓarnar daskarewar fayif ba sai in ka yi iya ƙoƙari na hankali wajen barin ɗumi a gidan, ko kuma ka rufe ruwa ka tsiyaye bututan. Kaga ba su ce dole gidan ya kasance da ɗumi ba, ƙoƙarinka ake tambaya. Kai ka ce ka bar hita a kunne ka kuma ba maƙwabci makulli. To wannan shi ne shari'arka gaba ɗaya, saura ka tabbatar da shi a takarda. Ka ciro bil ɗin gas da na wuta na watan da ba ka nan. Ka shiga shafin intanet na Smart Meter Texas da lambar mitarka, yana nuna wutar da gidanka ya sha duk minti 15, a nan za a ga ko hita tana tashi, za a kuma ga daidai lokacin da wuta ta ɗauke in ta ɗauke. In na'urar saita zafin gidanka irin mai haɗe da waya ce ita ma tana ajiye tarihi. Maƙwabcin nan ka roƙe shi ya rubuta ranakun da ya shiga da abin da ya gani ya sa hannu. Idan kuma suka kawo maganar wai gidan kango ne ba kowa, ka duba ma'anar da folisin ya bayar, da yawa kwana 60 suke sawa, kuma gidan da kayanka ke ciki ka yi tafiyar sati biyar ba ɗaya yake da gidan da aka kwashe aka bari ba.

Dan Allah a nan zan ja kunnenka, kada ka rage ko kwana ɗaya a tafiyarka, kada ka ƙara ko kujera ɗaya a kayan da suka lalace. Suna da ikon kiranka su yi maka tambayoyi bisa rantsuwa, ga tikiti ga hatimin fasfo, in suka kama ƙarya guda suna iya soke neman gaba ɗaya har abin da yake haƙƙinka. Bayan haka ma mu haram ne a wajenmu, ba sai an faɗa ba.

Sai maganar tsohon yoyo. Inshora tana biyan ruwan da ya ɓalle farat ɗaya, ba ta biyan wanda ya daɗe yana ɗiga har katako ya ruɓe, wannan gaskiya ne kuma yana rubuce. Amma sau da yawa sai su ga ɗan baƙi a ƙasan kabad ɗaya su jingina duk kicin ɗin a kansa. Wanda zai raba wannan gardamar mai aikin famfo ne mai lasisi, ya rubuta a takardar kamfaninsa inda fayif ya fashe da abin da ya fasa shi. Ina fatan guntun da aka yanke yana hannunka. Ni nawa har mai gyara ya jefa shi a bayan mota sai matata ta ce a karɓo, Allah ya saka mata, don fayif ɗin jan ƙarfe da ƙanƙara ta fasa yakan kumbura ya tsage a tsaye, kowa ya gani ya san ba tsatsa ba ce. Na sa shi a leda na rubuta kwanan wata. In da gaske akwai wani ɓangare ƙarami da yake tsohon yoyo ne ka yarda da shi ka cire, sai maganarka ta fi ƙarfi a kan sauran.

Shi kansa fayif ɗin yawanci ba sa biyan kuɗin gyaransa, amma fasa bango ko silin da aka yi don a kai gare shi da duk abin da ruwan ya lalata suna ciki. Ka duba kuma kuɗin zama a wani wuri, in gidan bai zaunuwa folisi da yawa suna biyan otal ko haya da ƙarin abin da ka kashe a kan na kullum, mutanenmu da yawa suna rakuɓewa gidan 'yan'uwa su manta akwai wannan. Duk rasit ka ajiye, har na fankokin busar da gida da ledar da ka rufe kaya, domin aikinka ne ka hana ɓarnar ƙaruwa kuma kuɗin da ka kashe a kai ana lissafawa.

Game da cek ɗin da kake tsoro, ka karanta gabansa da bayansa da wasiƙar da ta zo da shi. Idan biyan abin da suka yarda da shi ne kawai, karɓarsa ba ya rufe maka ƙofar neman saura, ni na karɓi nawa na kuma tura imel cewa na karɓa a matsayin wani ɓangare ina ci gaba da neman ragowar. Amma in ka ga an rubuta cewa wannan ne biya na ƙarshe, ko an haɗo takardar yafe sauran haƙƙi ka sa hannu, to ajiye, kada ka kai banki sai wanda ya san doka ya gani.

Yadda tawa ta ƙare, na nemi a sake dubawa na ce ɗan kwangilata zai kasance a wurin. Suka turo wani ajasta, suka bi ɗaki ɗaki, ashe na farko bai sa audugar rufi da ta jiƙe ba, bai sa ƙasan kabad ba, katakon daɓe kuma ya lissafa rabin falo alhali shimfiɗa ɗaya ce har korido. Ɗan kwangilar da ya iya rubuta kiyasi da manhajar kwamfuta da ake kira Xactimate shi za ka nema, don da ita kamfanonin suke lissafi, sai a jera layi da layi a ga abin da aka tsallake. Aka ƙara kuɗi amma da saura tazara, sai na yi amfani da sashen da ke cikin folisi da suke kira afirezal. Kai ka ɗauki mai kiyasinka, su ɗauki nasu, su biyun su zaɓi na uku mai raba gardama, duk adadin da biyu cikin ukun suka sa wa hannu ya zauna. Kai kake biyan naka, na tsakiyan ku raba. Wannan ne ya warware min, sai wajen ƙarshen shekarar muka gama. Amma kaga shi adadin kuɗi yake yankewa, ba zai tilasta musu su yarda cewa ka bar hita ba, shi ya sa na ce ka fara da waccan.

In ka tura hujjojinka suka yi shiru ko suka maimaita maganar farko, ka shigar da ƙorafi a hukumar inshora ta jiha, TDI, kyauta ne ta intanet, kuma dole kamfani ya ba su amsa. Ba kotu ba ce, ba za su yanke maka kuɗi ba, amma fayil ɗinka yakan tashi daga teburin ƙaramin ma'aikaci. Ka kuma riƙa ƙirga kwanaki, doka ta ba su kwana 15 su amsa cewa sun karɓi nemanka, kwanakin aiki 15 bayan ka ba su duk abin da suka nema su ce eh ko a'a, suna iya neman ƙarin har kwana 45 in sun faɗi dalili, in sun ce za su biya kuma kwanakin aiki 5. Lokacin babban bala'i akan ƙara musu kwana 15. Duk wayar da kuka yi ka bi ta da imel, yau mun yi magana da wane ya ce kaza.

Akwai ajasta mai zaman kansa da zai tsaya maka, a Teksas ladansa ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da aka biya, ka duba lasisinsa a TDI kafin ka sa hannu. Wanda zai yi maka gyara doka ta hana shi zama ajastanka a aiki ɗaya, kuma duk ɗan kwangilar da ya ce zai yafe maka kason da kai ya kamata ka fara biya daga aljihunka ka guje shi, tun 2019 laifi ne a jihar nan. Lauya kuma lokacinsa shi ne in sun ga bil da rahoton mai famfo suka kafe a kan maganar hita. Kada ka bari lokaci ya ƙure, folisi da yawa shekara biyu da kwana ɗaya suke bayarwa na kai ƙara, kuma a ɓarnar yanayi sai an ba kamfani sanarwa kwana 61 kafin a shiga kotu.

Abu biyu da suka ba ni mamaki a ƙarshe gara ka sani tun yanzu. In kana da bashin gida babban cek da sunan bankin zai fito tare da naka, su riƙe su riƙa sakin kuɗin kashi kashi suna turo mai duba aiki. Sannan kamfani zai fara cire kuɗin tsufan kaya, sai ka gama gyara ka tura rasit su cika maka in folisinka mai biyan kuɗin sabo ne, shi ma yana da wa'adi.

Ka ɗauki hoton shafin wasiƙar da suka kawo sashen folisin, ka rufe suna da adireshi da lamba, ka turo min ta ciki mu karanta tare bayan isha'i in sha Allah. Ka gaida iyali, a yi musu jaje.