Filin Tambaya da Amsa: Ya dawo daga daji, amma yana cewa mutuwa ta fi masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa. Ɗan ƙanena, wanda na riƙe tun rasuwar mahaifiyarsa, ya tafi gabas karatu yana ɗan shekara 14, sai aka hure masa kunne ya bi 'yan Boko Haram daji. Bayan shekara uku ya gudo ya miƙa wuya, hukuma ta tantance shi ta sallame shi. Yanzu ba ya barci, ƙarar babur tana firgita shi, ya daina zuwa majalisa saboda ana nuna shi da baki, kuma sau biyu na ji ya ce mutuwa ta fi masa. Makon jiya ya ba ƙaninsa akuyarsa da wayarsa. Mahaifinsa ya ce iska ce, a yi masa ruƙiyya. Yaya zan yi?
Daga wata gwaggo a Gwaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Gwaggo. Allah Ya saka miki da alheri da kika saurari abin da yaron nan yake faɗa. Ba zan ɓoye miki ba, matashin da ke ambaton mutuwa sannan ya fara rabar da abin da ya mallaka yana cikin haɗarin kashe kansa, kuma maganar ba ta jiran sai an gama girbi ko an sayar da amfanin gona.

Ki dubi abin da aka yi wa zuciyarsa. A shekarun da sa'o'insa ke koyon noma da kasuwanci, shi an zaunar da shi ana nanata masa cewa ransa ba shi da wata daraja sai ranar da ya salwantar da shi, ya ga jini, wataƙila ma an tilasta masa ya zubar da shi. Da ya gane ɓata ce ya baro, sai ya rasa abokan da ya saba da su, ya dawo gida ya tarar ana gudunsa, ga nadama tana cinsa a ɓoye. Firgita da mugun mafarki da rashin barci alamu ne na ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai a wurin waɗanda suka ga tashin hankali, kuma sau da yawa yana zuwa tare da ciwon damuwa mai tsanani. Abin da ya fi ba ni tsoro a kansa shi ne an riga an cire masa tsoron mutuwa, wanda shi ke riƙe mutane da yawa a lokacin ƙunci.

Yau ɗin nan ki keɓe da shi, ki tambaye shi a fili cikin taushin murya ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa, kada ki tare shi da maganar wuta da azaba, domin ya daɗe da jin wannan daga bakin waɗanda suka ɓatar da shi. Ki bar shi ya yi magana ya ƙare. Sannan a kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona da bindigar farauta daga gidan, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

A cikin makon nan a kai shi asibiti. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana kusa da ku, daga nan za a iya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ki gaya wa likita komai, har da ko yana shan tiramol ko wata ƙwaya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a kula da shi da mutunci, don haka ɗaure shi a mari ba magani ba ne.

Kada ki yi jayayya da mahaifinsa a kan ruƙiyya. Ki ce masa a haɗa addu'a da asibiti, kuma ku nemi malami mai sanyin hali wanda zai tuna wa yaron ayar Suratuz Zumar da ta hana bayin Allah yanke ƙauna daga rahamarSa, domin mai yiwuwa yana ganin tubansa ba zai karɓu ba. Ku kuma je wa dagaci da liman su ja kunnen masu yi masa gori, wani kawunsa ya riƙa tafiya da shi gona da masallaci a gaban kowa. Idan kuma kun lura tsofaffin abokansa na daji suna nemansa ta waya, ku sanar da dagaci nan take domin ya isar wa hukuma.